Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin masu motocin dakon kaya da na kasuwanni kan ɗaurin kaya da lodinsu

Zuwa ga shugabannin ƙungiyoyin sufuri na NARTO da NURTW na ɓangaren dakon kaya, da shugabannin 'yan kasuwar Sabon Gari da Ƙofar Ruwa da Singa da Dawanau, da sarakunan tasha, da shugabannin 'yan lodi.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Mu da muka rubuto wannan takarda sana'armu kintsa kaya ce: haɗa akwatin katako na injuna, ɗaure kaya a kan falet, shirya kwantena, da lodin sinadarai. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, da wannan niyya muka zo gabanku.

Kayan da ke sauka a tashoshin jiragen ruwa na Apapa ko Tin Can ko Onne, mafi yawansu lafiya suke isowa, domin masana'antar da ta yi su ta ɗaure su da lissafi. Ɓarna tana farawa ne ranar da aka fasa kwantena. A yanke bel, a yage leda, a sayar wa kafinta da falet, wato dandamalin katakon da kayan ke zaune a kai, sannan a riƙa jefa kwali ɗaya-ɗaya cikin buɗaɗɗiyar tirela, a rufe da tamfol, a kama tafiyar kilomita kusan 1,000 daga Legas ta Ibadan da Ilori da Jebba da Mokwa. In kaya ya iso Kano a farfashe sai a ce hanya ce. Hanya ba ta da kyau, wannan ba a musu. Amma a mota ɗaya, a kan rami ɗaya, kayan wani ya iso garau na wani ya zama tarkace, kuma bambancin a tasha aka yi shi tun mota ba ta tashi ba. Tashar kuwa a hannunku take.

Mu fara da kwali, tunda shi kowa ya raina. Ƙarfin kwali a kusurwoyinsa huɗu yake, su ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na nauyin da aka ɗora masa. Shi ya sa masana'anta ke jera shi kusurwa bisa kusurwa kamar ginshiƙi. 'Yan lodinmu sun fi son jerin bulo, a sarƙe, don kada jerin ya rushe a kwana, kuma suna da hujja. Illarsa ita ce kusurwar na sama tana sauka a tsakiyar murfin na ƙasa, inda babu ƙashi, sai kwalin ya rasa kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa ko fiye. Abin da ya fi shi ne a jera hawa biyu ko uku na ƙasa ginshiƙi, a sarƙe na sama, a shimfiɗa fallen kwali tsakanin hawa da hawa, a naɗe da leda mai talewa, zagaye uku a gindi har ta kama katakon falet ɗin kansa. Kwalin da ya leƙo daga bakin falet da faɗin yatsa biyu kacal ya yi asarar kusan sulusin ƙarfinsa. Sai kuma laima. Kwalin da ya yi kwanaki yana shan iskar Legas ta damina, ko ɗigon ruwa bai taɓa shi ba, rabin ƙarfinsa na iya tafiya. Saboda haka in an rubuta a jiki cewa a jera shida, a watan Agusta uku ko huɗu ke nan. Ku duba hawan ƙasa na kowace tirela da aka buɗe da damina, za ku ga gefen kwalayen ya yi tumbi, kusurwa ta lanƙwashe kamar kunnen akuya.

Cikin kwali ma akwai ƙa'ida. Abu mai fashewa yana buƙatar matashi mai kaurin santimita 5 a dukkan ɓangarori shida, kuma in ka ɗaga kwalin ka girgiza kada ka ji motsi. Farin soson nan mai ɓarewa da ke zuwa da talabijin bugu ɗaya yake tarewa, ya murƙushe bai dawowa, don haka wanda aka tsinto daga tsohon kwali ganin ido ne kawai. Soson katifa kuma ya yi laushi ga abu mai nauyi, nan take yake lotsewa abin ya bugi ƙasa. Kayan da ya haura kilo 20 kwali mai bango biyu yake so, a liƙe da salatif mai faɗin milimita 48, a bi tsakiyar murfi sannan a bi gefunan biyu, sama da ƙasa. A tuna kuma, a ɗakin gwaji kwalin da bai kai kilo 10 ba daga tsayin santimita 76 ake sakinsa, mai kilo 25 kuwa daga santimita 46. Ɗan dako daga kansa yake sauke kaya, mita ɗaya da rabi ko fiye. Kwalin kaya na yau da kullum ba a yi shi don wannan faɗuwa ba.

Kaya mai nauyi shi ne inda aka fi ruɗin kai. Sau nawa ake jin cewa ai nauyinsa ma ya isa ya riƙe shi? Bai isa ba. In direba ya taka birki da ƙarfi, kaya yana tura kansa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, a kwana kuma kashi 50 zuwa gefe. Waɗannan alƙaluma suna cikin ƙa'idar lodi ta 2014 da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da jiragen ruwa da ƙwadago da sufurin ƙasa suka fitar tare. Ɗauki janareto mai tan 2. A birki, ƙarfin kilo 1,600 ke jansa zuwa kan mota. Gogayyar katako da bodin ƙarfe tana riƙe kamar kilo 600, saura 1,000 ba mai riƙe su sai abin da aka ɗaure shi da shi. Bel ɗin ɗauri mai makulli yana da lambobi biyu a ɗan ƙyallen da ke jikinsa. Babbar, wadda galibi 2,500 ce, ita ce abin da yake jurewa in an ja shi a miƙe. Ƙaramar, 300 zuwa 500, ita ce matsin da makullin ke iya bayarwa. In an yafa bel ta saman kaya aka matse, ƙaramar lambar ce kawai ke aiki, kuma da ita janareton nan zai ci bel shida. A shimfiɗa masa tabarmar roba ta hana zamewa a ƙarƙashi, gogayya ta ninka, bel biyu sun wadatar. Bodin da ya sha baƙin mai ko ƙura kuwa lissafin nan ma bai shafe shi ba, sai an share.

Shuɗiyar igiyar roba da ake ɗaurin buhu da ita ba ta da wurin zama a kan inji. Talewa take yi, ba ta da lambar ƙarfi, kuma ƙullinta yana kwancewa da gargada. Inji mai nauyi a jingina shi da allon gaban bodi, ko a cike tazarar da katako, a kafa masa waigi a ƙasa, a ja sarƙa daga zobban ɗagawa huɗu zuwa maɗauran mota, biyu gaba biyu baya. Inda bel ya hau kaifin ƙarfe a sa masa matashi. Bel ɗin da aka ƙulla ko ya fara tsagewa a jefar. Bayan kilomita 50 na farko direba ya tsaya yaron mota ya sake matsewa, domin kaya yana zama ɗauri ya saki.

Akwatin inji daga gindi ake fara shi. Katako biyu ko uku masu kaurin santimita 10 a kwance, allon ƙasa a kai, a huda a ɗaure ƙafafun injin da noti mai ratsawa har ƙasa. Ƙusa ba ta riƙe inji. A bar tazarar aƙalla santimita 10 a ƙarƙashi don cokulan foklif, wato motar ɗaga kaya, su shiga, a sa katakon karkace a kowane bango don kada akwatin ya gurɗe. Injin da nauyinsa ke sama ko a gefe guda, irin injin niƙa ko na yankan ƙarfe, a zana alamar inda nauyin ya taru a jikin akwati, da inda sarƙa za ta bi, in ba haka ba ranar saukewa ne zai kife. Katakon ya zama busasshe, danshinsa ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ɗanyen katako daga injin tsaga gumi yake yi a cikin akwati, a buɗe bayan mako uku a tarar sandar injin ta yi jajir da tsatsa. Haka naɗe inji da leda zalla ba tare da maganin danshi ba, tarko ne aka yi wa raɓa. Ƙarfen da aka goge a shafa masa giris ko a naɗe da takardar hana tsatsa, a sa jakunkunan tsotse danshi, sannan a liƙe ledar ruf. Akwai 'yan alamun liƙawa da ke komawa ja in an buga akwati ko an karkata shi. Kuɗinsu kaɗan ne, kuma suna kashe gardamar wa ya yi ɓarna.

Batun rarraba nauyi kun fi mu saninsa, sai dai tuni. Kwantena mai ƙafa 20 galibi iyakarta kilo 30,480 har da nauyin kanta, kuma kada rabin tsawonta ya ɗauki fiye da kashi 60 cikin 100 na kayan.

Farantin sola ya cancanci a tsaya a kansa, domin ɓarnarsa ɓoyayya ce. Mai wat 550 tsawonsa ya haura mita 2, faɗinsa mita ɗaya da ɗoriya, nauyinsa kusan kilo 28. Gilashinsa milimita 3.2 ne kuma yana da tauri, amma ƙwayoyin samar da wuta da ke ƙarƙashinsa kaurinsu bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. Masana'anta a tsaye take jera su, 31 zuwa 36 a falet ɗaya, kowanne da hular kusurwa. Da an shigo kasuwa sai a kwantar da su a saman lodi ko a rufin bas, a ja igiya ta tsakiya a matse, yaron mota ya taka ya wuce. Gilashin bai fashe ba, mai kaya ya karɓa ya sa hannu. Ƙwayoyin kuwa sun yi tsagar da ido ba ya gani. Bayan wata shida wuta ta ragu, wani wuri ya fara zafi yana ƙuna, a kama mai haɗa sola da zagi ana cewa jabu ya sa. Farantin sola a tsaye yake tafiya a kan dogon gefensa, da kwali tsakanin kowane biyu, bel ya hau kan firam, kada ya taɓa tsakiyar gilashi. Gilashin gini ma haka. Kowace murabba'in mita tana da kilo biyu da rabi a kowane milimita na kauri, a kwance nauyin kansa ke karya shi, don haka sai a kan marikin katako mai siffar tsani biyu da suka jingina da juna, a karkace kamar digiri biyar, da roba a ƙarƙashin baki da takarda tsakani. Tayil a kan gefensa. Firji a tsaye, in kuwa dole ta sa aka kwantar da shi, a bar shi a tsaye sa'o'i kafin a kunna, man kwamfuresa ya koma mazauninsa.

Dogon batirin inbata mai ruwa ya haura kilo 60. A tsaye kawai, murafunsa a matse, kawunansa biyu a rufe da hular roba. Hawa ɗaya ya fi, in dole ne biyu, to da allon katako a tsakani wanda ke zaune a kan kafaɗar batir, kada kan batir ya ɗauki nauyi. Sarƙa ko sifana ɗaya ta faɗo ta haɗa kawunan nan biyu, wutar ɗaruruwan amfiya ce za ta bi ta, ƙarfen ya yi ja, tamfol ya kama. Batirin litiyam halinsa daban. Tun Afrilun 2016 jiragen sama ba sa ɗaukarsa a matsayin kaya sai cajinsa bai wuce kashi 30 cikin 100 ba, domin cikakken batir wutarsa ta fi muni. A hanyar mota ma hikimar ɗaya ce. Wanda ya kumbura ko ya lotse ko ya faɗi daga sama kada a loda shi da sauran kaya, kuma kada a jera shi a ƙarƙashin baƙin tamfol a rana tsaka. Wutarsa tana mutuwa ta sake tashi bayan sa'o'i.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mana da hankali, wato kaya masu haɗari. Duniya ta kasa su aji tara, kowane aji da alamarsa mai siffar lu'ulu'u a jikin mazubi: 2 iskar gas, 3 ruwa mai kamawa da wuta irin fetur da tina da fenti, 4 daskararru masu kamawa, 5 masu rura wuta, 6 guba, 8 masu cin jiki da ƙarfe, 9 sauran, har da batirin litiyam. Kowane sinadari kuma yana da lambarsa mai harufa UN a gaba: fetur 1203, ruwan batir 2796, garin kilorin 1748, kabayid 1402.

Mazubin da aka yarda ya ɗauki irin wannan kaya yana da hatimi a jikinsa, kuma karanta shi bai fi minti ɗaya ba. Misali, a ga UN 3H1/Y1.9/150/24. 3H1 na nufin jarkar roba mai ƙaramin baki. Da 1A1 ne, duron ƙarfe ke nan mai liƙaƙƙen kai, 4G kuma kwali. Harafin da ke biye shi ne matakin ƙarfi: X an gwada shi da faɗuwa daga mita 1.8, Y daga mita 1.2, Z daga santimita 80, ana kuma ƙara tsayin in ruwan mai nauyi ne. 1.9 shi ne iyakar nauyin ruwan da za a zuba idan aka gwada da ruwan sha, 150 matsin da ta jure, 24 shekarar da aka yi ta. Jarka ko duron roba shekara biyar ke gare shi a aikin sinadari, daga nan rana ta cinye shi, ya fara tsagewa ta hannu da gindi. To ku dubi abin da ake yi. Jarkar man girki mai lita 25 an yi ta ne don kilo 23. A cika ta da tsantsar asid ɗin batir, ta koma kilo 46, da murfin da aka toshe da leda. Wannan jarka ce ake ɗorawa a kan ɗan dako, bakinta daidai wuyansa.

Cika mazubi fal shi ma kuskure ne. Fetur da tina suna kumbura da kusan kashi ɗaya cikin 100 a duk ƙarin digiri 10 na zafi. Duron da aka cika da sanyin asuba, in rana ta bugi ƙarfensa da azahar a watan Afrilu, lita 5 na iya ƙaruwa. Duron lita 200 yana cin kusan 216 in an cika shi har baki, kuma tazarar nan da gangan aka bar ta. Wanda ya cike ta don ribar galan uku, ko dai kan duron ya kumbura ko murfi ya fara tsiyaya. Duro a tsaye, murfi a sama, allo tsakanin hawa da hawa, mai ruwa a ƙasa busasshe a sama.

Mafi muni shi ne haɗa abokan gaba a mota ɗaya. Garin kilorin na tace ruwa in ya haɗu da man birki ko baƙin mai ko dizal, da kansa yake kamawa ba ashana. In ya haɗu da asid, iskar kilorin ce ke tashi, mai shaƙe numfashi. Garin kilorin nan ajinsu ɗaya da sinadarin da ya tarwatsa tashar jiragen ruwan Beirut ranar 4 ga Agustan 2020, tan 2,750 da aka jibge shekaru a sito ɗaya. Kabayid na masu walda, ruwa ne abokin gabansa, ɗigo daga hujin tamfol ya isa ya fitar da iskar da ke kamawa da tartsatsi. Tukunyar iskar oksijin ba ta shiri da giris ko mai, ko a hannun mai ɗauka. Tukunyar asitilin, wato iskar walda, a tsaye take tafiya, haka ta gas ɗin girki, da hula a kan bawul, a ɗaure, a wurin da iska ke ratsawa. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya a but ɗin mota ko a rufaffen bodi kwanciya yake yi a ƙasa yana jiran tartsatsi. Maganin feshi da fiya-fiya kuwa ko a kwali suke ba sa hawa mota ɗaya da gari ko shinkafa ko sukari. Kwalba ɗaya ta fashe, buhu ya tsotse, ya bushe kafin a iso, ba wanda zai gane.

Shugabannin Dawanau, wannan taku ce musamman. Ƙwayar maganin hatsi da ake sa wa wake da masara, kowace ɗaya mai giram 3 tana fitar da giram 1 na iskar fosfin da zarar ta sha danshi, kuma iskar tana kisa. Maganin na sito ne, a rufe kwanaki, a buɗe ya sha iska, sannan a loda. Jefa ƙwayoyi cikin buhuna a rufe da tamfol a kama hanya, yaron mota na kwance a kai, fasinjoji na zaune a sama, ganganci ne da rai. A ƙa'idar duniya, kwantenar da aka sa wa irin wannan magani ita kanta kaya mai haɗari ce, tana da lambarta, UN 3359, kuma dole a liƙa gargaɗi a ƙofarta da ranar da aka sa maganin.

Mazubin da ya ƙare ma bai bar haɗari ba. Roba tana shan guba, wanki da omo ba ya fitar da ita. Ƙa'idar ita ce a zuba ruwa rubu'in jarka, a girgiza daƙiƙa 30, a juye cikin tankin feshi, sau uku, sannan a huda gindinta. Jarkar da ba a huda ba, gobe za a gan ta da manja ko ruwan sha. Duron fetur ko na tina da ya zama fanko ya fi cikakke saurin fashewa, tururi ne a ciki, mai walda ya kiyaye.

Sai takarda. Galibi abin da ake rubutawa a webil, takardar da ke raka kaya, shi ne kayan masarufi, ko kwali kaza. Direba bai san me ya ɗauko ba. Mota ta kama wuta a hanya, jama'a su taso da bokitai don taimako, su watsa ruwa a kan kabayid. Duk sinadarin kirki yana zuwa da takardar bayanin kariya mai sashe 16, kuma sashe na 14 kan sufuri yake magana. Kwafinta ya kamata ya kasance a gaban mota, da sunan kayan da lambarsa a webil, da alamar ajinsa a jikin bodi. Motar da ta ɗauki sinadari ta riƙe tukunyar kashe gobara ta gari guda biyu, buhun yashi, shebur, safar hannu ta roba, tabarau, da jarkar ruwa mai tsabta ta wanke ido da jiki. Asid in ya zube, yashi da farar ƙasa ake zuba masa. Ɓuntun katako a kan kilorin ko asid ƙara wa wuta itace ne.

Masu fitar da riɗi da zoɓo da citta da ƙaro, tunda aka buɗe tashar tsandauri ta Kaduna a 2018 da ta Dala a 2023, shirya kwantena ya dawo gida, kurakuransa ma sun biyo shi. Duk falet ko katakon tokare da zai fita waje sai an kashe ƙwarin cikinsa, galibi ta hanyar gasa shi har cikinsa ya kai digiri 56 na minti 30, an buga masa hatimin ISPM 15 mai alamar zangarniya da NG, wato Najeriya, da HT, wato an gasa shi. Hukumar NAQS mai duba lafiyar amfanin gona da ke shige da fice ce ke kula da wannan a Najeriya. Falawud bai shiga dokar ba. Katako ɗaya mara hatimi ya isa a tsare kwantena a tashar da ta sauka. Kayan da bai bushe sosai ba kuma gumi yake yi, tururin ya taru a rufin kwantena da sanyin dare ya ɗigo kan buhunan sama, a buɗe a tarar da fumfuna. A shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango da sama, a rataya jakunkunan tsotse danshi, kada buhu ya taɓa rufi. Tun Yulin 2016 kuma ba a ɗora kwantena a jirgi sai da tabbataccen nauyinta, ƙiyasin ido ya daina aiki.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo. Kowace tashar kaya ta samu mutum ɗaya da aka horar, wanda zai duba lodi kafin a ja tamfol, kuma ƙungiya ta ba shi ikon cewa wannan ba zai hau ba. In ba shi da wannan iko, zaman banza zai yi, domin ɗan kamasho mota yake so ta cika, mai kaya kuma sauri yake yi. A keɓe wuri mai inuwa a gefen tasha don sinadarai da tukwanen gas, nesa da masu shayi da masu suya. A hana fasinja hawa kan motar da ke ɗauke da su, hani na gaske mai tara. Ƙungiya ta sayi bel da tabarmar roba da hulunan kusurwa da marikin gilashi ta riƙa bayarwa haya, tunda ƙaramin direba ba zai saya don lodi ɗaya ba, alhali kuɗin bel bai kama ƙafar kuɗin farantin sola ɗaya ba. Shugabannin kasuwa su ja hankalin manyan masu shigo da kaya su daina fasa falet ɗin sola da na batir a Legas, a kawo shi yadda ya zo, a fasa a nan.

Akwai kuma maganar ladan 'yan lodi, wadda ba a son taɓawa. Muddin da yawan kwali ake biyansu, jifa za su yi, kuma ba laifinsu ba ne. Kaya mai fashewa da mai haɗari a yanka masa lada dabam, a ba masu ɗaukarsa safar hannu da takalmi. A ɗauki hoton lodi da waya kafin a rufe, a tura wa mai kaya da mai karɓa, ranar gardama shi ne shaida. Horarwa kuma ba sai an je nesa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da SON da NAFDAC da 'yan kwana-kwana duk suna da ofisoshi a Kano, kuma takardar gayyata daga gare ku ta fi tamu nauyi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muna so a fara kafin ruwan farko ya sauka, lokacin da maganin feshi da taki ke cika tashoshi kuma tamfol ke fara yoyo. Duk tashar da ta kira mu za mu zo da kwali da bel da jarka mai hatimi da wadda ba ta da shi, mu nuna wa 'yan lodi da yaran mota a gaban motarsu. Sa'a biyu ta isa, ranar da ba a cika lodi ba.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya kiyaye hanya. Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar kintsa kaya da lodin sinadarai, Kano.